Yaran da Auta Ta Ƙera

Sarauniya ta cika wata goma sha biyar ba ta fara tafiya ba. Ba sunanta na yanka ba ke nan. Auta ƙanwata ce ta laƙa mata, saboda yadda take zama a tsakiyar tabarma ta miƙe ƙafafu, ta nuna abin da take so da ɗan yatsa, kowa ya tashi da rawar jiki ya kawo mata. Rarrafe tana yi in ta ga dama. Tsayuwa ma tana yi in ta kama ƙafar kujera. Amma ta saki hannu ta ɗaga ƙafa, wannan kam a'a.

Ni da farko abin bai dame ni ba. Kafinta ne ni, na saba jiran katakon da ya ƙi bushewa. Uwarta kuwa abin ya hana ta sukuni. Ɗan matar mai shago, maƙwabciyarmu, tun yana wata goma yake zagaya tsakar gida da ƙafarsa, ga shi Sarauniya ta girme shi. Matar ba ta da mugun nufi, baki ne dai da ita. Kullum a bakin famfo sai ta ce, "Har yanzu mutuniyar tana kan gadon mulki?" Sai matata ta yi yaƙe, ta dawo ɗaki da bokiti rabi. In tana yi wa yarinyar wanka, ina ganinta tana lallatsa mata gwiwoyi, tana gwada tsawon wannan ƙafa da waccan.

Na ce mata mu je asibiti a duba.

"In muka je suka ce akwai wani abu fa?"

"In babu fa?"

"Ka bari tukuna," in ji ta. Kullum amsar ke nan. Abinci ma ta rage ci.

Auta tana jami'a, a gidanmu take zama. Ran Asabar takan biyo ni shago da kwamfutarta, wai teburina ya fi faɗi, kuma babu mai ja mata waya. Wata Asabar da hantsi ina goge ƙafar wani tebur, na ji ta ce, "Yauwa, ka fito!" Na leƙa ta bayanta. A fuskar kwamfutar akwai wasu sanduna masu launin shuɗi a jere, kamar an jingina filanki a bango: gajeru a hagu, suna ƙara tsawo har tsakiya, sannan su riƙa raguwa zuwa dama. An zana wani jan layi ya bi kansu ya yi tudu.

"Wane kafinta ne ya yanka waɗannan? Bai san awo ba."

"Yaya, ka matsa, kana zuba min garin katako a kan madannai." Ta hure. "Histogiram ake ce masa. Aikin da malaminmu na ƙididdiga ya ba mu ne. Yara dubu ne nan, da watan da kowanne ya fara tafiya."

Na ajiye takardar gugar da ke hannuna.

Ta ga na nutsu, sai ta gyara zama. Auta tana son a tambaye ta abu. Ta ce kowane filanki wata guda ne. Duk yaron da ya fara tafiya a wannan watan, a kansa ake ɗora shi, shi ya sa wani ya fi wani tsawo. Na tsakiya su ne wajen wata goma sha biyu, can jama'a suka taru. Jan layin kuma, ta ce shi ne siffar da abubuwa da yawa suke ɗauka in an auna su da yawa: yawanci a tsakiya, kaɗan a wannan gefe, kaɗan a wancan. Su a aji nomal suke kiransa.

"Ina ɗan matar mai shago?"

Ta nuna hagu. Filankinsa ba wani dogo ba ne.

"Ina goma sha biyar?"

Ta nuna dama. Gajere ne, amma yana nan. Bayansa ma akwai wani, da wani ɗan guntu a bayan wancan.

"Wannan ɗan gajeren, yara nawa ne a ciki?"

Ta danna wani abu, ta faɗi adadin. Da za a tara su, ɗakinmu ba zai ɗauke su ba.

Daidai nan wani mai gyaran kujera ya yi sallama. Kafin in fita na ɗauki hoton zanen da wayata. Ban tambayi Auta inda ta samo yaran ba, ita ma ba ta faɗa ba. A wurinta abu ne da kowa a ajinsu ya sani. Ni kuwa bai taɓa zo min a rai ba cewa mutum zai zauna ya ƙirga yaran da ba a haifa ba.

Da yamma na nuna wa matata. Na yi mata bayani yadda Auta ta yi min, da filanki da tudu. Ta karɓi wayar ta buɗa hoton da yatsu biyu har gajeren filankin ya cika fuskar.

"Duk waɗannan irin tawa ne?"

"Duk. Ga ma waɗanda suka fi ta nawa."

Ta daɗe tana kallo. Ranar ta cinye abincinta tas har da ƙari. Washegari da kanta ta tari matar mai shago a bakin famfo, ina jiyo ta daga ɗaki tana cewa, "Naki a gefe yake, tawa a gefe take, duk ba mu cikin jama'a." Suka yi dariya tare. Bokitin ya dawo a cike.

Haka muka yi 'yan kwanaki cikin kwanciyar hankali. Maganar asibiti ma na daina tayarwa.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a falo, Auta ta ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur, matata tana ninke kayan wanki, Sarauniya tana tsakiyarmu tana cin murfin kwalba. Sai matata ta ce, "Auta, yaran nan naki na gajeren filanki, duk sun yi tafiya daga baya lafiya lau?"

"Waɗanne yara, Anti?"

"Na hoton mana. A wane asibiti aka rubuta su? In da hali ki samo min lambar uwar ko da guda ce, in ji yadda ta yi."

Auta ta fashe da dariya. Ta dube ni, ta dubi matata, sai ta daina dariyar.

"Yaya, me ka ce mata?"

"Abin da kika ce min. Yara dubu."

Ta dafe goshi. "Wayyo ni. Anti, babu su fa. Ni na ƙera su."

"Kamar yaya kika ƙera su?"

Ta juyo da kwamfutar wajenmu. Sama da zanen akwai 'yan layukan rubutu. Ta ce nan take gaya wa manhajar abu uku: tana son lambobi dubu, tsakiyarsu ta zama goma sha biyu, kuma su bazu hagu da dama gwargwadon kaza. Manhajar sai ta zubo lambobin kamar mai watsa tsakuwa, ita kuma ta jera su a filanki. Malamin yana so ne su gani da idonsu yadda tudun ke fitowa, kafin a ba su bayanan mutane na gaskiya. Kowa ya zaɓi abin da zai kira lambobinsa. Wani ya ce tsayin ɗalibai ne, wata ta ce nauyin ƙwai.

"Ni kuma a gidan nan ba a maganar komai sai tafiyar Sarauniya, shi ya faɗo min a rai."

Ta danna. Filankan suka ɗan motsa, wani ya ƙaru, wani ya ragu, tudun dai yana nan.

"Ga wasu sababbi dubu." Ta sake dannawa. "Ga wasu."

"Goma sha biyun fa, a ina kika samo?" na tambaya.

"Haka nake jin ana faɗa. Ban bincika ba, Yaya, aikin aji ne." Ta goge lambar ta sa goma. Tudun ya ja da baya gaba ɗaya, wurin Sarauniya ya koma kusan fili. Ta sa goma sha huɗu, sai ga Sarauniya a jikin dogayen filanki. "Kun gani? Abin da na gaya masa shi yake maimaita min. Bai san ta ba."

Matata ta ajiye rigar da take ninkewa a cinya. Ba ta ɗaga murya ba.

"To su wa na yi ta yi wa addu'a? Duk sallah sai na sa su, su da iyayensu mata."

Sarauniya ta jefar da murfin, ta nuna shi da yatsa. Na miƙa hannu na ɗauko mata, kamar kullum.

"Anti, ki yi haƙuri," Auta ta ce a hankali. "Siffar ba ƙarya ba ce. Da gaske yara ba sa fara tafiya a wata ɗaya, da gaske akwai na gefe. Amma inda tudun na gaskiya yake tsaye, da inda ya kamata a fara damuwa, ba ni da shi a nan. Yana wajen waɗanda suka auna yara masu rai."

Matata ta kwashe kayan wankin ta shige ɗaki. Na zauna ina kallon shuɗin filankan. Sun yi kyau, babu wanda ya karkace a cikinsu.

Da safe ina shirin fita shago, na tarar ta sa wa Sarauniya rigarta mai fure, ta ɗaura mata ɗan kallabi, ita ma ta shirya.

"Ajiye jakar aikin. Asibiti za mu."

"Kin tabbata?"

"Yaran da babu su ma sun sa na yi barci. Na ɗanɗana na ji daɗin. Yanzu ina son wanda in na tambaya ba za a yi min dariya ba."

Daga bayan labule Auta ta ce, "Anti, na ce ki yi haƙuri mana!"

"Ke dai ki kula da 'ya'yanki dubu, uwar tagwaye. Kada su kwana da yunwa."

A asibitin mun zauna a dogon benci tare da wasu iyaye. Ma'aikaciyar jinyar da ta kira mu dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta auna nauyin yarinyar da tsawonta, ta duba wani zane mai lanƙwasassun layuka a bango. Na ce, "Malama, waɗannan yaran na gaske ne?" Ta dube ni ta saman tabarau kamar ba ni da lafiya. Matata ta toshe baki da mayafi.

Dattijuwar ta kwantar da Sarauniya ta lanƙwasa mata ƙafafu, ta juya ƙugunta, ta tsayar da ita a ƙasa tana riƙe da hannuwanta. Sarauniya ta tsaya ƙyam tana harararta. Ta tambayi yaushe ta fara zama, yaushe ta fara rarrafe, ko tana bin jikin kujera. Sannan ta ce ba ta ga abin tsoro ba. Akwai lafiyayyun yara da sai sun kusa shekara ɗaya da rabi suke sakin hannu. In lokacin ya yi ba ta saki ba, mu dawo likita ya ƙara dubawa, kada mu yi nauyin ƙafa.

Tana magana Sarauniya ta nuna biron da ke kan tebur. Kafin in san abin da nake yi, har na ɗauko na miƙa mata.

"Kullum haka kuke yi?" in ji dattijuwar.

Na ce eh.

"To me za ta tashi ta je yi? Tana da masu hidima. Ku cire mata safa, ku bar ta a ƙasa, abin da take so ku ajiye shi inda sai ta motsa."

A hanyar dawowa matata a gaba take tafiya, ni da yarinyar muna binta a baya.

Cikin satin na haɗa wani dogon benci mai gajerun ƙafafu da ragowar katako, na goge gefunan sumul, na ajiye shi a jikin bangon falo. Auta ta ɗora kwamfutarta a can ƙarshensa tana gyara aikinta. Ta rubuta a ƙasan zanen da manyan baƙaƙe cewa lambobin ƙirƙirarru ne, ta ce don irina.

Sarauniya tana son shuɗin filankan. Daga ɗaya ƙarshen ta hango su, ta nuna da yatsa. Babu wanda ya motsa. Ta sake nunawa, ta yi mana tsawa da yarenta. Ta dube ni, don ta san inda ake samun sauƙi. Na fara yunƙurawa, sai na ji matata ta riƙe min wuyan hannu.

"Zauna, Baban Sarauniya."

Na zauna. Yarinyar ta kumbura kumatu, ta ja gindi zuwa bencin, ta kama, ta miƙe. Ta fara bin sa a gicciye, tafin ƙafarta yana manna a siminti, tana tafe tana mita. Auta ta ɗan ƙara jan kwamfutar baya.

"Muguwa," in ji matata, tana dariya ƙasa-ƙasa. Hannunta yana kan nawa har lokacin, ba ta saki ba.