Foldar Kawu Ta Ƙi Fitowa

Injiniya suke ce masa a ofishin masu zanen gine-gine, duk da shi kaɗai ne ba ya zana komai. Aikinsa kula da kwamfutoci. Ya sha wuya kafin ya saita su yadda kowa, duk kwamfutar da ya zauna a kai, da ya sa sunansa da lambar sirrinsa sai foldarsa ta fito masa daga babbar na'urar da ke ɗakin baya, tasa shi kaɗai. Kafin nan kowa na tsoma hannu a aikin kowa, a goge wa juna zane, a yini ana rantse-rantse. Da abin ya zauna daidai, ko sannu ba wanda ya ce masa.

Wata safiya manaja ya kira shi, ya ce ya turo ƙofa.

"Za mu rage ma'aikata. Ka cire wa dattijon nan na bakin taga foldarsa yanzu. In na dawo daga taro zan yi masa magana."

"Ranka ya daɗe, kawuna ne."

"Na sani. Haƙuri za ka yi."

Kawun nan, yayan mahaifiyarsa, shi ya kawo shi aikin. Injiniya ya shiga ɗakin baya ya zauna cikin gurnanin na'ura. Layi ɗaya ya goge a saitin na'urar, shi ke nan.

Bai jima ba ya ji an ƙwala masa kira.

"Ɗana, zo ka duba min. Yau foldata ta ƙi fitowa."

Ya je ya kashe kwamfutar ya kunna, ya duƙa ya taɓa waya, ya sake kashewa. Kawu na tsaye da kofin shayinsa, yana leƙen allon maƙwabcinsa.

"Ta kowa ta fito?"

"Ta fito, Kawu."

"Tawa ce kaɗai ke nan."

Injiniya bai ɗago ba. Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Kai ka cire?"

"Ni aka sa."

"To. Zanen matakalar asibitin nan ban gama ba. In wani ya ƙarasa ta a gurguje, tsofaffi ne za su sha wuyar hawa. Mayar min kafin ya dawo."

Ya mayar. Kawu ya ja kujera ya duƙufa, ko shayin bai sake taɓawa ba. Manaja ya dawo ya tarar da zane a buɗe, ya harari Injiniya.

"Da kai ma za mu yi magana," in ji shi, sannan ya shige da Kawu ofis.

Maganar ba ta yi tsawo ba. Kawu ya fito ya tattara kofinsa da ɗan matashin da yake jingina bayansa da shi, ya bi tebur-tebur yana sallama. Injiniya ya sake goge layin, ya riƙe masa jaka har bakin titi. Motocin haya na ta wucewa a cike.

Da wata ta tsaya, Kawu ya karɓi jakarsa.

"Kada ka faɗa wa uwarka tukuna. Hawan jininta. Ni zan je da kaina."

"To, Kawu."

"Koma, kada su neme ka."

Injiniya ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya hau benen ofishin a hankali, yana dafa bango.