Jirgin da Aka Rufe Ruf

A ƙarshen Oktoba, kafin ruwan hunturu ya sauko, masuntan ƙauyen suka jawo jiragensu na katako daga teku suka jera a kan yashi, kowanne bisa gungume. Har da na Shadli aka jawo, ko da yake shi yana kwance a ɗaki tun Agusta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa, amma da nauyi, kalma biyu ko uku sai ya huta.

Ɗansa Lutfi yana gyaran firji a Tunis, shekara goma sha biyu rabonsa da riƙe taru. Wata Asabar ya zo da shuɗiyar leda mai kauri, sabuwa fil. Bai tambayi kowa ba. Ya lulluɓe jirgin daga goshi har baya, ya cusa bakin ledar ƙarƙashi, ya zagaye da igiya sau uku, ya danne da duwatsu. Ko tururuwa ba ta da hanya. Ya ja baya ya dubi aikinsa, ya ji a ransa ko ba komai ya yi wa tsohon abu guda daidai. Washegari ya koma birni.

Bayan mako uku mahaifiyarsa Mabruka ta kira shi a waya. "Babanka ya daina cin abinci. Yau kwana huɗu. Shayi kawai, shi ma kurɓi biyu."

Tagar ɗakin Shadli tana kallon bakin teku, kuma tun da ya kwanta ya sa aka matsa gadonsa gabanta. Da Lutfi ya shigo, sai ya tarar tsohon ya juya fuska bango. Ya gaishe shi, ya sumbaci kansa. Tsohon bai juyo ba.

A kicin Mabruka ta faɗa masa cewa ranar Talata wani baƙo ya zo daga Binzart, ya shigo har tsakar gida, ya yi musu ta'aziyya, sannan ya tambaya ko za a sayar da jirgin. "Mutum ne mai murya. Babanka ya ji komai."

"Ta'aziyyar wa? Wa ya ce masa an yi rasuwa?"

"Je ka wurin Balkasim. Ni ban iya zancen jirgi ba."

Balkasim, wanda suka yi shekara talatin suna fita kamun kifi da Shadli, yana zaune a jikin jirginsa yana ɗinkin taru.

"Baffa, ina wuni."

"Injiniyan Tunis. Ka zo ziyarar gawar da ka yi wa likkafani?" Bai ɗago kai ba. "Dubi layin nan da kyau, ka nuna mini wani da aka toshe wa hanci."

Lutfi ya duba. Jirage goma sha huɗu, kowanne an gitta masa doguwar sanda daga goshi zuwa baya, an yafa tamfol a kai kamar tanti don ruwa ya zirare gefe. Amma gaba da baya a buɗe suke, iska na shiga tana fita. Duk ƙuruciyarsa haka yake gani, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Katako numfashi yake yi," in ji Balkasim. "Wanda ke sa ran komawa ruwa ba ya toshe jirginsa. Nan garin, wanda ake rufewa ruf shi ne wanda mai shi ya rasu, magada suka naɗe suka tafi, ba mai leƙawa. Dillali da ya hango irinsa ya san akwai ciniki."

"To me ya hana ku buɗewa, Baffa?"

Sai yanzu Balkasim ya ajiye tarun. "Ɗan mutum ya rufe jirgin ubansa da hannunsa, ni wane ne da zan kwance? Mun ɗauka likita ya faɗa maka abin da bai faɗa mana ba. Babanka ma haka ya ɗauka. Kullum yana kallonsa ta taga."

Lutfi ya nufi jirgin, ya fara ture duwatsun.

Da suka yaye ledar wani wari ya buge su, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Cikin ledar duk zufa, tana ɗiga. Baƙar fumfuna ta bi katakon, ruwa ya kwanta a ciki. Balkasim ya zaro wuƙa yana bin haƙarƙarin jirgin, wato lanƙwasassun katakan da ke riƙe jikinsa, da tsininta, ɗaya bayan ɗaya. A guda biyu na baya, wuƙar ta nutse kamar a burodi.

Lutfi ya koma gida ya durƙusa gefen gado.

"Baba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka kariya ce. Na buɗe shi yanzu. Haƙarƙari biyu sun yi laushi. Ban san abin da ake yi ba."

Tsohon ya juyo da kai. "Waɗanne?"

"Na baya. Hagu."

"Kai ni."

Mabruka ta ce iska ta yi sanyi, ba a saurare ta ba, sai ta ɗauko bargo biyu. Lutfi da Balkasim suka ɗora shi a kujerar roba suka ɗauka, suna hutawa a hanya, har gindin jirgin. Shadli ya miƙa hannun hagu ya danna katakon da babban yatsa. Ya daɗe yana dannawa.

Daga nan umarni ya fara fitowa, guntu guntu. A kwashe ruwan. A wanke da ruwan teku, ba na famfo ba, ruwan daɗi shi ke ruɓar da katako. A zuba gishiri a ciki, tafi uku. A ɗauko sanda da tsohon tamfol na yadi a ɗakin ajiya, wanda Lutfi ya gani wancan zuwan ya raina saboda facinsa. Lutfi yana aiki, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Da ya zo ɗaurin igiya ya yi ƙulli irin na kwalin firji.

"Jaki," in ji Shadli, kalmar ta fito sarai.

"Alhamdu lillahi," in ji Balkasim. "Bakin zagi ne ya fara warkewa."

Lutfi ya kwance, Balkasim ya nuna masa, ya sake ɗaurawa har sau uku kafin tsohon ya kau da ido. Tamfol ya tsaya a miƙe, iska ta ratsa ta goshi ta fita ta baya.

"Watan Maris," Shadli ya ce, yana nuna haƙarƙarin da suka lalace. "A canza." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. Sannan ya dubi ɗansa. "Duk mako. A leƙa. Kai."

Lutfi ya tuna shagonsa, da cewa Asabar ce ranar da aiki ya fi yawa. Ya tuna da tsawon hanya cikin ruwan sama.

"To, Baba."

Yayyafi ya fara. Suka sunkuya suka ɗaga kujerar. Sun yi taku kaɗan Shadli ya buga hannun kujera, ya ce a bi da shi ta gaban jirgin Balkasim, yana so ya ga irin ɗaurin da shi ya yi.