Baƙin Layi a Ƙasan Ruwa

Likita ya ce ko dai in riƙa iyo, ko a yi wa gwiwata aiki. Ba a taɓa sa mini wuƙa ba, kuma ba da tsufa zan fara ba.

Ɗana Lukmanu, ma'aikacin gwamnati, shi ya yi mini rajista a wani wurin iyo a Wuse. Ya kawo leda da gajeren wando, hular roba, allon soso, da gilashin ruwa mai maɗauri. Wandon na karɓa don sutura. Hular sun ce doka ce, na sa. Gilashin na mayar masa. Na ce a Yawuri aka haife ni, na ƙetare kogin Kwara tun ba a yi mini kaciya ba, kuma ban taɓa ganin kifi da tabarau ba.

An raba ruwan da igiyoyi, kowa da hanyarsa kamar kunyar gona. Ran farko na nufi bango, sai na tsinci kaina a kan igiyar hagu. Na sake tashi, na sake karkata. Kullum haka. Wata rana na bi ta ƙarƙashin igiyar, hannuna ya sami wata mata, Madam Perpetual, a baki. Leɓenta ya fashe. Ta fita tana faɗa da Turanci. Ban ji ba, amma na ga jinin.

Mai kula da wurin, Bartholomew, mutumin Jos, ya ja ni gefe. Ya ce ogansa ya yanke: in na ƙara tsallake igiya, za a karɓe katina. Ya tambaya a ina na koyi iyo, na gaya masa. Sai ya ce:

"Baba, wannan ruwa ba ya zuwa ko'ina. Kai kaɗai ke tafiya."

Gaskiya ya faɗa. A kogi ba a nufar gaɓa kai tsaye. Sama kake karkata, ruwa ya sauko da kai inda kake so. Jikina bai san wani iyo ba. Ya ce akwai baƙin layi a ƙasa, shi kowa ke bi, amma maganin da ake zubawa ba zai bari in buɗe ido a ciki ba.

A mota Lukmanu ya ɗora gilashin a cinyata, idonsa na kan titi.

"Baba, likitan fa bai soke ranar aikin ba."

Na ce ya lura da tuƙinsa.

Washegari ogan da kansa ya tsaya bakin ruwan, ya harɗe hannu. Madam Perpetual na hanyar hagu da ni, leɓe a kumbure. Na ɗaura abin. Na sa fuska a ruwa, abin da ɗan kogi ba ya yi. Ga layin nan, baƙi, miƙe sambal.

Na tashi. Kafaɗata na ja hagu, ina danne ta. Ban kai rabi ba ruwa ya shiga ta gefen dama na gilashin, ya yi zafi kamar barkono. In na tsaya gyarawa, jikin zai koma halinsa. Gwiwar hannuna ta goge igiyar. Ƙafar matar ta wuce dab da kunnena. Na runtse ido ɗaya, na riƙe layin da ɗayan, na ƙi ɗaga kai har yatsuna suka taɓa bango. Na juyo, na dawo haka nan, ƙirjina na ci.

Da na ɗago, ogan ya riga ya juya baya yana waya. Matar ta dube ni, ta ce, "Sannu, Baba," ta ci gaba da iyonta.

Bartholomew ya miƙo tawul, ya ce gobe in zo da wuri kafin mutane su cika. Na karɓa.

Lukmanu na jira a ƙofa, ya tambaya yaya aka yi. Na ce wanda ya sayo yana yoyo, ya nemo mini na kirki kafin gobe.