Man Kaɗe a Tire na Uku

Tun da jirgin fito ya tashi daga tashar St. George zai tsallaka zuwa Manhattan, Ilham ke zaune wuri ɗaya. Ta sayi shayi a tasha, ga shi nan ya huce a hannunta, ko kurɓa ɗaya ba ta yi ba. Sanyin Janairu ne, irin wanda ke sa kowa ya cusa wuya cikin kwat ya manta da gaisuwa. Idonta na kan waya, kan saƙon Farfesa Nasser, shugaban ɗakin gwajinsu, wanda ta karanta ya fi sau ashirin tun da ta idar da sallar asuba: an sami maiƙo a farantin gwaji, akwai mitin ƙarfe goma, kowa ya zo.

A wani wurin aikin, maiƙo ai sai a sa tsumma a goge a wuce. Nasu wurin daban ne. Shekara uku ke nan Ilham tana aiki a ɗakin gwajin wata jami'a a Manhattan, tun bayan da ta gama digirinta na uku, kuma in ana son gaskiya wankin kofuna suke yi. 'Yan kofuna ne na ƙarfe, kowanne bai fi kan yatsa ba. Za a jera su a cikin wani jirgi marar matuƙi mai farfela takwas, girmansa kamar ƙaramar mota, a harba shi zuwa Titan, ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal mai zobe. Tafiyar shekara shida ce ko bakwai. In ya sauka lafiya zai riƙa tashi daga wannan tudun yashi zuwa wancan, ya huda ƙasa, ya zuƙi garinta ya zuba a kofi, na'urar da ke cikinsa ta gasa garin ta shinshina, ta aiko da labari ko akwai irin sinadaran da rai ke farawa da su. To kofin da za a nemi alamar rai a cikinsa, ko numfashin mutum ba a so ya taɓa shi, balle maiƙo.

Mahaifiyarta a Zariya, da aka yi mata wannan bayani, cewa ta yi, "Wato duk karatun nan wanke-wanke aka kai ki yi Amurka." Ilham ta yi dariya a lokacin. Yau kam dariya ta yi mata nisa, don ta san maiƙon nan, ta san daga inda ya fito, ta san har kalar robar da yake ciki.

Abin ya faru ne ranar Litinin. Duk mai alwala sau biyar a sanyin garin nan ya san yadda bayan hannu ke tsagewa, kuma nata ya kai har yana fitar da jini a gaɓoɓin yatsu. Mma Mariatu, dattijuwar da ke share benensu, ita ta gani ta kawo mata man kaɗe a wata 'yar roba, na gaske, wanda ƙanwarta ke aiko mata daga Ghana. Doka ce ba a shafa komai kafin a shiga ɗakin tsabta. Ilham ta fi kowa sanin dokar, don ita ke koya wa sababbi. Amma ranar ta yi alwalar azahar, hannun na yi mata zafi kamar an zuba barkono, sai ta lakato ɗan kaɗan ta shafa, ta ce ai safar hannu biyu za ta sa. Tana ɗaga tire na uku gefensa ya yanki safar, duka biyun, daidai babban yatsa. Ta ji sanyin ƙarfe a fatarta. Yatsan ya goga bakin kofi ɗaya, wataƙila biyu, sannan cikin ruɗewa ta ture farantin gwajin da ake ajiyewa a kan tebur don kama datti. Ta canza safa, ta duba kofunan ba ta ga komai ba, ta rufe tiren ta liƙe. Takardar rahoto na nan rataye a bango, biro na jikinta. Ba ta rubuta ba, tsoro ya hana ta.

Gobe Juma'a za a tura tirarrukan zuwa inda ake haɗa jirgin. Bizarta kuwa a jikin aikin nan take ɗaure, in aikin ya tafi ita ma ta bi shi.

Tana fitowa daga lif a bene na shida aka riƙo hannun kwat ɗinta. Mma Mariatu ce, gajeruwa mai kauri, 'yar Zangon Kumasi, shekara goma sha ɗaya tana share benen nan, har ta san farfesan da ke zubar da kofi ya yi kamar bai gani ba. Ta ja Ilham cikin ɗan siton da take ajiye bokiti da mofa, ta tura ƙofa.

"Ina kwana, Mma."

"Bar gaisuwa, 'yata, saurara. Na riga na je wurin Farfesa. Na ce masa ni ce."

Ilham ta tsaya tana kallonta. "Ke ce me?"

"Na ce ranar Litinin da yamma na ga ƙura a teburin ciki, na shiga na share da hannuna. Hannuna kullum da mai, kowa ya sani. Ya yarda paa, sarai."

"Mma, ba ki taɓa wuce ɗakin canza kaya ba."

"Shi ya sani ne? Ni dai na gan ki ta gilashi kina canza safa, fuskarki duk ta canza. Jiya da na ji suna ta maganar mai, na ce to, ga ta nan." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Ni me za su yi mini? Su ce kar in ƙara hawa benen nan. Shara ba ta ƙarewa a garin nan. Ke fa? Mu nawa ne a cikin ɗakin can? A mata ke kaɗai ce tamu. Duk matan masallacinmu na faɗa musu akwai 'yata da hannunta ke cikin abin da za a aika sama. Ki shiga ki zauna, ki kama bakinki."

"Mma, ba haka ake yi ba."

"Haka za a yi. Ni na ba ki man, ni na ja. Wuce, goma ta yi."

Ilham ta fita. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne daɗin da ta ji, don wallahi ta ji daɗi. Ta kuma tsani kanta saboda hakan.

Mutum tara ne a ɗakin mitin. Farfesa Nasser dogo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ya haska zane a bango, layi mai tsini-tsini, ya nuna tsini biyu da biro.

"Man itace ne," ya ce da Turanci. "Ya fi kama da man kaɗe. Da safen nan matar da ke mana shara ta zo da kanta ta ce ita ta shiga ta taɓa teburin. Na gode mata da ta faɗi gaskiya, amma na sanar da kamfanin da ya turo ta kar su sake kawo ta benen nan."

Wani ya yi ajiyar zuciya. Ja'afar, abokin aikinta da ke zaune kusa da ita, ya girgiza kai ya ce a hankali da Hausa, "Allah sarki Mma."

"Abin da ya cece mu," Farfesa ya ci gaba, "shi ne lokacin da ta ce ta shiga, an riga an rufe tirarrukan duka shida an liƙe. Farantin kaɗai ta taɓa. Saboda haka kofunan na da tsabta, gobe za su tafi yadda aka tsara. Ga takarda nan, kowa ya sa hannu a gaban tiren da ya rufe, cewa babu abin da ya faru a hannunsa."

Nan ne Ilham ta gane abin da Mma Mariatu ba ta hango ba. Ita Mma a ganinta laifi ne ke neman mai shi, ta ɗauka ta aza a kanta, magana ta ƙare. Ba ta san ƙaryar tata ta wanke tire na uku ba. Yanzu babu wanda zai sake buɗe shi. Zai shiga akwati gobe, ya shiga cikin jirgi, ya yi shekara bakwai yana tafiya a cikin duhu da ɗan maiƙon yatsanta a bakin kofi.

Takardar ta fara zagayawa daga hannun dama. Mutum na farko ya sa hannu ya tura.

Ta hango ranar saukar jirgin a zuciyarta, ba ta so ba amma ta gani. Jirgin ya sauka a kan tudun yashi, a wurin da sanyi ke mai da ruwa dutse. Ya zuƙi gari ya zuba, kuma cikin duk kofunan, na tire na uku ya ɗauko. Saƙo ya yi fiye da awa guda a hanya ya iso. Mutane sun miƙe suna tafi, wasu na kuka, ana cewa an ga maiƙo irin na abu mai rai a wata duniya. Dattawan da suka ba da shekara ashirin ga aikin nan suna rungumar juna. Ita kuma tana tsaye a cikinsu, ita kaɗai ta san itacen da abin ya fito daga jikinsa. Ko kuma ya zamana da gaske akwai wani abu a can, a zo daga baya a gano kofin ba shi da tsabta, a zubar da duka.

Takardar ta iso wurin mutum na biyu. Ja'afar ne ke da tire na biyu, ya rattaba nasa, ya turo mata takardar da biron.

Ta riƙe biron. Wata zuciyar na ce mata wataƙila yatsan bai taɓa kofin ba, wataƙila gefe kawai ya goga, wataƙila ma jirgin ba zai taɓa amfani da wannan kofin ba. Ta tuna fuskar Mma a cikin sito. Ta tuna wasiƙar bizar da ke cikin durowarta a gida.

"Ilham?" in ji Farfesa. "Tire na uku naki ne, ko?"

"Nawa ne." Muryarta ta fito siririya, sai da ta maimaita. "Nawa ne. Ba zan iya sa hannu ba."

Ta ajiye biron. Ta faɗa musu, tun daga alwala har zuwa takardar da ba ta rubuta ba. Ba ta yi kuka ba, amma wasu kalmomin sai da ta sake su. Ta ce Mma Mariatu ba ta taɓa shiga ɗakin ba, ta faɗi haka ne don ta rufa mata asiri.

Farfesa Nasser ya cire tabarau ya murza idanu. Sannan ya tambaye ta:

"Ƙarfe nawa?"

"Biyu da 'yan mintuna."

"Kofi nawa?"

"Ɗaya, ko biyu. Ban tabbata ba."

Ya juya wurin Ja'afar. "Ka kira masu haɗa jirgin ka ce babu abin da zai taso gobe. Duk shidan za a buɗe a sake wankewa." Wata mata a ƙarshen tebur ta ce aikin wata uku ke nan, ya ce ya sani. Sannan ya dubi Ilham. "Babu wanda safarsa ba ta taɓa fashewa ba a ɗakin nan, har ni. Da kin rubuta ranar Litinin, tire ɗaya za mu wanke mu manta. Ba ni katinki na shiga. Kwamiti zai zauna, ban san abin da za su yanke ba, kuma ba zan yi miki alkawarin komai ba."

Ta zare igiyar katin daga wuyanta, ta maƙale a mayafinta, sai da Ja'afar ya kau da kai kafin ta iya warware ta.

"Mma Mariatu fa?" ta tambaya. "Tunda ba ta shiga ba."

"Ta tsaya a gabana ta rantse mini a kan abin da bai faru ba," ya ce. "Ɗakin nan gaba ɗaya a kan maganar mutane yake tafiya. Ba zan iya dawo da ita ba."

Ilham ta sami Mma a sito, ta riga ta sa kwat, tana cusa silifas ɗin aikinta a leda. Labari ya riga ta isowa, benen ba shi da girma.

"Mma, ki yi haƙuri. Da na yi shiru da kofunan sun tafi a haka. Ba wanda zai sake duba su."

Mma Mariatu ba ta ɗago ba. Ta ƙulle bakin ledar, ta sake ƙulla wani a kai.

"Ni ban san kofi ba," ta ce. "Abin da na sani, shekarata sittin da ɗaya, ban taɓa tsayawa gaban mutum na kira sunan Allah a kan ƙarya ba sai yau da safe. Na yi don ke. Yanzu ke kin faɗi gaskiya kin huta, ni kin bar ni da rantsuwata, kuma ba ta amfani kowa ba."

"Mma..."

"Matsa in wuce, 'yata."

Ilham ta matsa. Mma Mariatu ta ɗauki ledarta ta nufi matakala, ba ta tsaya jiran lif ba.