Gishiri a Bayan Ɗakin Lauratu

Tun da mijinta Mahmudu ya rasu, Lauratu ba ta ƙara sakin jiki da kowa ba a kan maganar gida. Gidan nan na Gadarif gado ne, 'yan'uwa biyu suka raba shi ba katanga a tsakani: sashen gabas na marigayi, na yamma na ƙaninsa Jibrin, direban tarakta a gonakin Simsim. Ba wanda ya taɓa ce mata ta tashi. Amma Lauratu irin matan nan ce da ko ruwa ka ba su sai sun leƙa gindin moɗa. Ta riga ta yanke a ranta cewa Jibrin so yake ya haɗe gidan duka, lokaci kawai yake jira.

Bazarar shekarar ta zo da zafi mai sa kuka, baƙar lakar garin ta bushe ta tsattsage. Ɗanta Rufa'i ya aiko mata da mukayyif daga Jidda, akwatin ƙarfen nan da ake zuba wa ruwa ya riƙa busa sanyi. Jibrin ne ya yi ɗawainiyar kafa shi a tagar ɗakinta, ya kuma kawo mufattish, jami'in da ke duba wayoyin gida. Duk wannan Lauratu tana Showak, garin danginta, wajen ta'aziyya.

Ranar da ta dawo, rana tsaka, kowa ya shige inuwa, sai ta iske Jibrin tsugune a bayan ɗakinta. Ya haƙa rami, ya kafa sandar tagulla, yana zuba mata gawayi da gishiri. Wata waya ta fito daga sandar ta bi bango ta shige jikin mukayyif.

"Sannu da aiki, Jibrin. Me ake binnewa?"

"Sannu da hanya, Yaya. Na kahraba ne, wutar lantarki. Mufattish ya ce dole a yi. In wuta ta ɓalle, ta nan za ta bi ta shige ƙasa."

"Da gishiri?"

"Da gishiri."

Iyakar abin da ya ce ke nan, don Allah ya yi shi da rowar magana. Lauratu ta shiga ɗaki. Yaushe wutar lantarki ta fara cin gishiri, sai ka ce akuya?

Abin bai tsaya nan ba. Kowace safiya sai Jibrin ya ɗauko bokiti ya kwarara ruwa a wurin. Ta tambaye shi, ya ce ƙasa in ta bushe ba ta karɓar wuta. Ta kai maganar wajen ƙawarta Ummuhani mai tuyar kisra, wainar dawar nan marar kauri, matar da bakinta bai taɓa kashe wuta ba sai dai ya hura.

"Tagulla, gawayi, gishiri, a bayan ɗakin matar da mijinta ya mutu," in ji Ummuhani. "Kuma yana shayar da shi? Ni dai ban ce komai ba. Amma haka aka yi wa wata 'yar unguwarmu kurciya, ta bar gidanta da ƙafarta, har yau ba labari."

Daga ranar komai ya zama shaida. Sakinatu matar Jibrin ta aiko da miyar kuɓewa, Lauratu ta zubar. Jibrin ya tambaye ta yadda ta baro mutanen Showak, ta ce a ranta, ato, har an fara auna hanya. Abin da ya fi tsorata ta, ita kanta sai ta riƙa jin marmarin komawa can wajen 'yan'uwanta. Ta ce shi ke nan, abin ya fara kama ta.

Ranar Juma'a, maza na masallaci, Sakinatu na barcin rana, ta ɗauki adda da fartanya. Ta sare wayar, ta girgiza sandar har ta tumɓuke, ta jefa ta a masai. Ta tura guntun wayar cikin ramin, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe. Washegari Jibrin ya zo ya zuba ruwansa a kan ramin banza. Lauratu na kallonsa ta taga, ranta fari tas, ta ce in ka iya sammu wani ya iya karyawa.

Aka kwana biyu lafiya lau. Sai wata safiya Jibrin ya gama zuba ruwan, ƙafa ba takalmi, ƙasa jiƙe, ya ji mukayyif na gurnani alamar ruwansa ya ƙare. Ya dafa jikin akwatin zai ƙara masa. Wuta ta riƙe shi. Lauratu ta fito ta gan shi yana karkarwa, baki a buɗe ba murya. Sakinatu ce ta rugo da taɓarya ta bangaje shi ya faɗi gefe.

Ya rayu, amma hannun dama ya ƙone, yatsu suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Ga damina a bakin ƙofa, mai gona ya ba wani taraktar.

Bayan an sallamo shi daga asibiti mufattish ya dawo. Ya sa aka tone ramin, ya ɗago guntun wayar, ya daɗe yana duba bakin saran.

"Ni na sa aka kafa sanda a nan. Wa ya cire ta?"

Lauratu ta riga ta faɗa wa ƙawarta abin da ta yi. Ummuhani kuwa tuni ta gama raba labarin a unguwa tare da kisrarta, don haka ba wanda bai sani ba. Jibrin ya dubi Lauratu sau ɗaya, ya kawar da kai.

"Ɓarayin tagulla ne, ranka ya daɗe. Sun yi yawa bana."

Mufattish ya dube shi, ya dubi matan, ya tafi ba don ya yarda ba. Ko a nan sai da zuciyar Lauratu ta raya mata, me ya sa ya rufa mata asiri, me yake ƙullawa? Kunya da tsoro suka hana ta barci, ta zauna jiran ranar da dangi za su taru a ce ta kwashe kayanta.

Dangi ba su taru ba. Wata motar kaya ce ta tsaya a ƙofar gida, aka fara loda gadaje da tukwanen Sakinatu. Jibrin ya yi sallama a bakin ɗakin Lauratu, hannu rataye a wuya.

"Yaya, na sa an kafa wata sandar. A riƙa ba ta ruwa har damina ta sauka. Mu za mu koma Simsim wajen iyayen Sakinatu." Ya miƙa mata makullai da hagu. "Ga na sashenmu. Gida naki ne, ki zauna hankali kwance."

Ta karɓi makullan. Sakinatu ko waiwayowa ba ta yi ba, mota ta tashi.

Da la'asar Lauratu ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan, tun daga gabas har yamma, tana kuka. Ba wanda ya ce mata sannu.