Koriyar Fitila a Bayan Sabar

Kwana tara netwok ɗin asibitinmu yana wasa da hankalinmu. Sai ya yi minti ashirin lafiya lau, sai ya ɗauke. Sakamakon gwajin jini ya maƙale tsakanin ɗakin gwaji da ofishin likita, marasa lafiya su yi ta zaman jira a kan benci. Can kuma ya dawo da kansa kamar bai yi komai ba.

Mu biyu ne masu kula da kwamfutocin gidan, ni da Kawu. Ba kawuna ba ne na jini, amma shi ya koya mini riƙe filaya, kuma shi ya ja kowace waya da ke cikin silin ɗin nan tun ina firamare. Kowace waya da salatif a wuyanta, da rubutun hannunsa: inda ta fito da inda za ta.

Da Manaja ya gaji, sai ya ɗauko mana ƙwararre daga waje, wani mai kwat da turare. Na gaya masa matsalar ta fara ne a makon da aka kawo sabuwar sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya, wadda aka sayo ta hannu. Ya dube ni kamar na zo sayar masa da goro. Ya miƙa yatsa ya danna maɓallin sabar, fankokinta suka yi tsit. Muka tsaya. Ba a yi rabin awa ba netwok ya sake ɗaukewa.

"Kin gani, 'yan mata?" in ji shi. "Ga ta a kashe, ga matsala tana nan. Tsofaffin wayoyin nan ne, da mai su."

Manaja ya juya wajen Kawu. "Ka yi haƙuri, dattijo. Ƙarfe huɗu ka kawo mini mukullan ɗakin kwamfutocin. Kamfaninsu zai sake wayoyin gaba ɗaya, su kuma ci gaba da kula da su."

Kawu ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ta ƙona mini rai fiye da komai.

Suna fita na zauna dirshan a ƙasa da laftof ɗina, ko abincin rana ban nema ba. Akwai rauta, na'urar da duk saƙon gidan ke bi ta cikinta, kuma tana da adireshinta ita kaɗai. Na jira sai da netwok ya ɗauke, sannan na aika tambaya: wa ke da adireshin nan? Amsa biyu ta dawo. Ɗaya rautar ce. Ɗayar kuwa wata baƙuwar lamba ce da ban taɓa gani ba. Na bi sawunta har akwatin da wayoyi ke haɗuwa, rami na goma sha huɗu. Na juya salatif ɗin da ke wuyan wayar. Rubutun Kawu ne ɓaro-ɓaro: sabuwar sabar.

Na rarrafa bayanta, gwiwoyina duk ƙura. Ga sabar a kashe, ga wata 'yar koriyar fitila tana ƙyafta mini ido.

Sai na tuna abin da na karanta tun a makaranta ban taɓa aiki da shi ba. Irin waɗannan sabobin suna da wani ɗan ƙaramin allo a ciki, kamar 'yar kwamfuta mai zaman kanta, wanda ake kunna su ko a gyara su da shi daga nesa. Maɓalli ba ya kashe shi, muddin fulogi na jikin soket. Wannan kuma ba shi da wayar kansa, ta sabar yake rabawa, shi ya sa babu wanda ya gan shi. Masu ita na farko sun ba shi adireshi, aka yi rashin sa'a ya zo ɗaya da na rautarmu. Lokaci-lokaci sai ya yi shela cewa shi ne rautar, kwamfutoci su kwashi saƙo su kai masa, shi kuma ya yi shiru da shi.

Ƙarfe uku da rabi na tara Manaja da Mai Kwat da Kawu a ɗakin, netwok na kwance.

"Kawu, zo ka zare mana fulogin sabar nan."

"Ni kuma, 'yata? Ai an gama da ni."

"Kai dai zare."

Ya zare. Fitilar ta mutu. Kafin Mai Kwat ya gama gyara wuyan rigarsa, muka ji firintar ɗakin gwaji ta kama aiki. Don kada a ce dace ne, na sa ya mayar, muka jira netwok ya ɗauke, ya sake zarewa ya dawo. Sannan muka mayar da fulogin, na shiga ɗan allon na sauya masa adireshi, na kunna sabar. Har biyar da rabi netwok ko gezau.

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Mai Kwat ya ce dama yana zargin haka, na ce masa Allah ya ƙara basira.

Kawu ya ciro mukullan ya miƙa wa Manaja. Manaja ya sa hannu biyu ya tura masa abinsa, ya kasa haɗa ido da shi.

Kawu ya karɓa. Ya mayar da mukullan aljihu, ya yanko salatif, ya durƙusa bayan sabar. Amma maimakon ya rubuta, sai ya miƙo mini biron.

"Ke kika kama shi," in ji shi. "Rubuta da hannunki."