Sunan Maigidan Raliya

Mai ba da magani ya turo wa Raliya takardar ta ƙasan taga, ya girgiza kai.

"Inna, sunan da likita ya rubuta ba shi na cikin kwamfuta ba."

Tun da asuba ta hau babur daga Kebbe zuwa asibitin Tambuwal. Maigidanta na kwance a gida, wata huɗu ke nan da ƙugunsa ya karye, kuma ƙwayar da ake ba shi ta daina kashe zafin. Yau sabon likita ya saurari bayaninta, ya canza masa wata mai ƙarfi, irin wadda ake kullewa a kabad. Da ya tambayi sunan majinyaci sai ta ce Na'iya, yadda kowa ke kiransa. Shi kuwa bawan Allah ya rubuta abin da ya ji.

"Inshora ba ta biyan magani sai suna ya dace da lambar kati," in ji mai maganin. "In kuma masu bincike sunka tare ki bisa hanya da wagga ƙwaya, takarda da suna dabam, tsare ki za su yi. Ki faɗi sunanshi na yanka, in kai ma likita shi gyara."

"Ɗana, ba ga shi nan gabanka ba? Karanta mana."

"Doka ta, Inna. Mai karɓa shi ka faɗi."

Raliya ta ji kunya har tafin ƙafarta. Shekara ashirin da shida suna tare, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Ko maƙwabcinsu mai irin sunan, Mai Shago take ce masa. Ga layi a bayanta, kowa ya baza kunne kamar ana raba gado.

Sai ta tuna jiya, yadda maigidanta ya ciji gefen bargo don kada ta ji nishinsa.

Ta matsa jikin taga, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Uthman," ta ce. "Uthman Dawuda."

Da la'asar ta isa gida, ta ba shi ƙwayar da ruwa a moɗa. Jim kaɗan goshinsa ya saki. Ya ɗaga kwalin yana duba rubutun da aka manna.

"Wa ya faɗa musu sunana?"

Ta ɗauki moɗar ta nufi ƙofa.

"Maganin nan da tsada na same shi, Malam. Kar ka bari ko ɗaya ta faɗi ƙasa."